Darasin Mako: Zaman Garin Tuddai da Shirin Ambaliya

'Yan uwa maza da mata, dattawanmu da matasanmu, darasinmu na wannan Juma'a a kan ruwan sama ne, da yadda yake komawa ambaliya a wannan gari na Ibadan, ko Badun kamar yadda bakinmu ya saba. Mun kawo shi yanzu ne tun da sauran lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa wanda bai iya boko ba, musamman iyayenmu mata da ke cikin gida, da yaran da ke kwana a shaguna.

Jigon darasin guda ɗaya ne: ruwan garin tuddai ba ya sallama. A yawancin garuruwanmu na gida, idan kogi kamar na Haɗeja ko Rima zai kawo, yakan ɗauki kwanaki yana hawa, labari ya riga ruwa isowa, mutane su kwashe abin da za su kwashe. A nan kuwa tsakanin tsawar farko da ruwa har gwiwa a cikin ɗaki, wani lokaci bai fi a yi sallar magariba a jira isha'i ba. Saboda haka duk shirin da mutum bai yi ba kafin hadari ya haɗu, to da wuya ya samu damar yin sa bayan ruwa ya sauko.

1. Mu fara sanin ƙasar da muke kai

Ibadan a kan tuddai aka gina ta, masu garin ma sukan ce tuddai bakwai ne. Kowa ya san na Mapo inda babban ɗakin taro yake, da na Oke-Are inda hasumiyar Bower take, da na Mokola da ke tsaye a kan Sabo. Tsakanin kowane tudu da ɗan uwansa akwai kwari, kowane kwari kuma hanyar ruwa ce, ko da yau an cika shi da gidaje da rumfuna.

Manyan hanyoyin ruwan su ne Ogunpa da Ona da Kudeti da Ogbere. Ogunpa ya biyo ta Bodija da lambun Agodi, ya gifta ta gefen Mokola, ya ratsa tsakiyar gari ta kasuwar da ake kira da sunansa, ya gangara Oke-Ado da Molete. Ona kuwa ta arewacin gari ya fito, ya bi ta Ajibode da Apete, ya shiga madatsar Eleyele wadda aka gina tun 1942, sannan ya wuce Odo-Ona da Oluyole. Wato inda jama'armu suke nema da kwana, kama daga Sabo da Bodija har Ojoo da Sasa, ruwan da ya faɗi a wurin cikin waɗannan koguna yake ƙarewa.

Sunayen unguwanni ma darasi ne ga mai lura. A Yarabanci "Oke" tudu ne, "Isale" gangare ne, "Odo" kuma kogi ko rafi. Idan dillali ya ce ya samo maka ɗaki mai araha a wurin da sunansa ya fara da Odo ko Isale, ka tambayi ina ruwan yake bi. Amma kada sunan "Oke" ya ruɗe ka. Kowane tudu yana da gindi, kuma Oke-Ado da Oke-Ayo duk sun sha ambaliya ta ɓangarensu na ƙasa.

Sai maganar lokaci. A gida watan Agusta shi ne marka, ruwa ba dare ba rana. A nan damina hawa biyu take yi: ta fara wajen Maris ko Afrilu ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan tsagaita a cikin Agusta, sannan ta dawo da ƙarfi a Satumba da Oktoba. Wannan tsagaitawar ita ke sa mutane sakin jiki, a sauko da buhuna ƙasa, a manta da kwata. Alhali manyan ambaliyoyi biyu da garin nan ba ya mantawa da su, duk a ƙarshen Agusta suka zo.

2. Abin da ya taɓa faruwa

Ogunpa ya yi ɓarna a 1960 da 1963 da 1978. Amma wadda dattawa suka fi ba da labari ita ce ta ranar Lahadi 31 ga Agusta, 1980, zamanin Gwamna Bola Ige. An auna ruwan da ya sauka ya kai milimita 274. Mutane sama da ɗari suka rasu, dubbai suka rasa muhalli. Masu gari suna kiran wannan masifa "Omiyale", wato ruwa ya shigo gida. Bayanta ne aka ɗauki aikin faɗaɗa hanyar Ogunpa da ɗaure gefensa da kankare, aikin da ya ɗauki shekaru masu yawa.

Ta biyun da yawanmu mun gan ta da idonmu. Ranar 26 ga Agusta, 2011, Juma'ar ƙarshe ta azumin wannan shekara, ruwa ya sauko da yamma ya shiga dare. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke hanyar Oyo ta auna milimita 187.5 cikin 'yan sa'o'i. Madatsar Eleyele ta tumbatsa, gidan ruwan da ke wurin ya lalace, gadar Apete ta karye, unguwar ta yanke da sauran gari. Odo-Ona da Oke-Ayo da Oluyole sun ga tashin hankali, har Jami'ar Ibadan ba ta tsira ba. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ce aƙalla mutum 102 ne suka rasu. Allah ya kiyaye na gaba.

Wani zai ce mene ne milimita 187.5? Bari mu auna da abin da muka sani. Ma'anarsa, kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya ya sami lita 187.5, wato jarka bakwai da rabi ta lita 25. Rufin gida mai mita 10 da mita 10 ya zubar da jarka 750 kenan. Ku tambayi 'yan uwanmu masu ruwa: idan kura tana ɗaukar jarka goma, wannan kura 75 ce daga rufin gida ɗaya tak, a yamma ɗaya. To a lissafa rufin gidajen da ke kan tudun Mokola kaɗai, a tuna duk wannan ruwa gangarowa zai yi.

Bayan 2011, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a shekarar 2014 domin aikin shawo kan ambaliyar Ibadan. An gyara madatsar Eleyele, an sake gina gadoji da kwalbatoci a wurare da dama. An gode, amma aikin gwamnati yana tsayawa ne a manyan hanyoyin ruwa. Kwatar ƙofar shagonka da katangar bayan ɗakinka suna wuyanka.

3. Me ke sa ruwan nan saurin kisa?

Na farko, gangare. Ruwan da ke bin gangare gudu yake yi, kuma yana da nauyi. Ruwa mai cika akwati na mita ɗaya ta kowane gefe nauyinsa kilo 1,000 ne, daidai da buhun siminti 20. Shi ya sa masana suke cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da ƙato. Idan ya kai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota irin Micra ɗin nan da muke shiga. Santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. Babur ba a ma maganarsa.

Na biyu, ƙasa ta daina shan ruwa. Da can tuddan nan akwai itatuwa da ciyawa masu riƙe ruwa su sake shi a hankali. Yanzu kwano ne da siminti da kwalta. Ruwan da ya faɗo ba shi da wurin nutsewa, sai ya tafi kwari gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan ne ya sa za ka ga a unguwarku yayyafi ake yi, amma rafi ya cika ya kawo, saboda can sama aka sheƙa shi.

Na uku, shara. Nan fa kowa ya duba kansa. Ledar ruwa, robar lemo, ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatir, tsohon buhu, kwandon da ya mutu, duk idan aka ga hadari sai a tura su kwata wai ruwa ya tafi da su. Ba inda suke zuwa. A bakin kwalbati na gaba suke taruwa su toshe shi, ruwa ya taru a baya kamar an yi dam, ya shiga gidajen mutane. Idan toshewar ta ɓalle kuma, ya afka wa na ƙasa a lokaci ɗaya. A 2011 gadoji da yawa haka suka toshe da shara da itatuwa.

Wanda yake kan tudu ma kada ya ce shi ya tsira. Nasa haɗarin shi ne zaftarewar ƙasa da faɗuwar katanga. Inda aka yanki jikin tudu aka gina ɗaki a ƙarƙashinsa, idan ƙasar sama ta sha ruwa ta yi nauyi, sai ta turo katangar ta faɗo wa masu barci. Alamominta su ne: tsagewar da ke ƙara buɗewa a bango ko a ƙasa, katangar da ta fara karkata ko ta yi ciki, ƙofar da da take rufuwa lafiya yanzu ta ƙi, da ruwa mai laka da ke tsattsafowa daga gindin katanga. Wanda ya ga ɗaya daga ciki kada ya bar yara su kwana a jikin wannan bango.

4. Su wa suka fi shiga haɗari a cikinmu?

Baƙi sababbin zuwa, domin ba su san inda ruwa ke bi ba, kuma ɗakin da kuɗinsu ke kai wa shi ne na bakin rafi. 'Yan ci-rani da ke kwana a rumfa ko ƙarƙashin gada. Masu gadi da aka bar wa sito su kaɗai da dare. 'Yan acaba masu ganin za su iya ratsa ruwa don kada fasinja ya tafi. 'Yan bola jari da ke shiga magudana neman ƙarfe. Mata masu ƙananan yara waɗanda mazansu suka tafi Arewa saro kaya. Sai tsofaffi da marasa lafiya.

Akwai kuma matsalar harshe. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA tana fitar da jerin wuraren da ake jin tsoron ambaliya, gwamnatin jiha kuma tana gargaɗi a rediyo. Amma a nan galibi da Turanci da Yarabanci ake yi. Mutumin da ya sauka daga tirelar shanu makon jiya bai ji ko ɗaya ba. Wanda ya ji, shi ne zai faɗa masa.

5. Shirin da ake yi tun rana na sama

A gida:

Na ɗaya, ka zagaya da ƙafarka ka ga ta ina ruwa yake shigo wa layinku, ta ina yake fita. Ka tambayi maƙwabcinka Bayarabe da ya daɗe a wurin: a 2011 ina ruwa ya tsaya? Sau da yawa shatin yana nan a jikin bango.

Na biyu, ku zaɓi wurin gudu, wuri mai tudu da ake isa da ƙafa cikin minti biyar ko goma ba tare da an tsallaka kwata babba ko gada ba. Maigida ya nuna wa uwargida da yara da rana, su taka hanyar da ƙafarsu. A kuma yi magana tun yanzu: wa zai goya wane, wa zai riƙe hannun tsohuwa.

Na uku, a haɗa jaka guda a rataye ta sama kusa da ƙofa. A sa katin ɗan ƙasa, takardun gida ko na haya, takardun makarantar yara, katin asibiti, maganin masu hawan jini da ciwon suga, tocila, ɗan kuɗi, da lambobin 'yan uwa a rubuce a takarda, domin waya tana jiƙewa ko caji ya ƙare. A ɗaure komai cikin leda mai kauri.

Na huɗu, kowane babba a gidan ya san inda ake kashe wutar gida gaba ɗaya. Soket ɗin da ke kusa da ƙasa a sa mai gyara ya ɗaga shi.

Na biyar, a duba rufi kafin iskar farkon damina. Ƙusar da ta saki a buga, kwanon da ya ɗaga a danne shi da kyau. Ɗora dutse ko tsohuwar taya a kan kwano ba gyara ba ne, idan iska ta ɗauke su kan mutum suke faɗawa.

A kasuwa:

Kada buhu ya kwana a ƙasa. A yi dakali ko a jera katako mai tsayin gwiwa. Masu wake, shinkafa, gero, busasshen barkono da goro sun san ruwan awa ɗaya ya isa ya cinye jarin shekara. Kaya masu tsada a sama, masu araha a ƙasa. Wanda sitonsa yake kwari, daga Yuni zuwa Oktoba ya rage yawan abin da yake tarawa, ko ya raba kaya wuri biyu. Littafin bashi da rasit a ɗauki hotonsu a waya a tura wa wani amintacce, saboda ruwa ya sha raba abokan ciniki ta hanyar cinye littafi. Masu dabbobi kada a yi turke a kwari, kuma a ɗaura igiya yadda za ta kwantu da sauri, a ajiye wuƙa kusa.

Alhazai masu shaguna, ku faɗa wa yaranku da bakinku tun yau: "In ruwa ya shigo, ka bar kayan ka fita, ba zan tuhume ka ba." Yaro da yawa yana tsayawa ne don tsoron abin da maigida zai ce da safe. Wannan kalma ɗaya tana iya tsirar da rai.

6. Idan ruwa ya zo

Idan an ɗauki kamar awa guda ana ruwa mai ƙarfi babu sassauci, wanda yake kwari kada ya kwanta. Mutum ɗaya ya zauna yana leƙa kwata da tocila. Da zarar ruwa ya hau dakalin ƙofa, ko aka ji rugugi daga sama, ko aka ga ruwan ya koma ja yana ɗauke da itace da shara, a kashe wuta, a ɗauki jaka, a fita. Kada a jira gari ya waye, kada a jira a ga ko zai janye.

Kada a ratsa ruwa mai gudu, ko da ƙafa ko da babur ko da mota. Ba ka ganin inda kwalta ta ƙare kwata ta fara, ba ka san ko murfin kwalbati yana nan ba. Gadar da ruwa ya hau kanta a ɗauka babu ita. Ɗan acaba, kuɗin fasinja ɗaya bai kai ranka ba, ka faka a tudu ka jira. Ruwan tudu yadda yake zuwa da sauri haka yake wucewa, sau da yawa jiran awa biyu ya wadatar.

Wanda ruwa ya rutsa da shi a gida ya hau bene ko rufi, kada ya kulle kansa a ɗakin da ba shi da mafita ta sama. Idan ruwa ya ja wani, a miƙa masa igiya ko gora ko doguwar sanda daga inda ƙafa ta kafu, a jefa masa jarka mai murfi ya rungume. Faɗawa ruwa don ceto ya sha mayar da gawa ɗaya ta zama biyu. A nisanci turakun wuta da wayar da ta faɗo. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce.

Wanda ya fita kada ya koma ɗauko kaya. Da rai ake neman dukiya.

7. Bayan ruwa ya janye

Ambaliya tana haɗa masai da rijiya. Ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga ba na sha ba ne, ko da ya yi garau a ido. A tafasa ruwan sha ko a sa maganin tsabtace ruwa da ake sayarwa a kemis. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar. Ɗan kasuwa kuma kada ya shanya hatsin da ya sha ruwan kwata ya mayar buhu ya sayar wa mutane, wannan cutarwa ce.

Idan amai da gudawa ya kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana sha ana kan hanyar asibiti, domin kwalara tana iya kashe babba cikin yini guda. Kada a kunna wuta sai mai gyara ya duba. A lura da macizai a cikin buhuna da lunguna. A kwashe ruwan da ya kwanta saboda sauro, yara su kwana cikin gidan sauro. Wanda ya yi asara ya ɗauki hoto kafin ya share, ya rubuta abin da ya rasa, domin idan jami'an NEMA ko na hukumar agajin jiha suka zo, da rubutu suke aiki.

8. Abin da ya hau kanmu a jama'ance

Tun kafa Sabo a 1916 tsarinmu shi ne baƙo yana da maigida, wanda zai sauke shi ya tsaya masa. Wannan tsari shi ne babban makaminmu a nan. Duk wanda ya sauki baƙo, ya nuna masa inda ruwa ke bi da inda ake gudu, kamar yadda yake nuna masa kasuwa. Kowane layi ya san gidajen da ke da tsoho, ko mai jego, ko matar da mijinta ya yi tafiya, a san wanda zai buga musu ƙofa. Matasa masu jin Yarabanci da Turanci, in kun ji gargaɗi a rediyo ku juya shi da Hausa ku tura a WhatsApp da murya, saboda ba kowa ke karatu ba. Amma a tabbatar kafin a tura, jita-jitar "dam ya fashe" ita ma tana jawo turmutsutsu.

Ranar share unguwa a fito tare da maƙwabtanmu Yarabawa a yashe kwata daga sama har ƙasa. Abin da aka kwaso a kai shi juji, in aka tara a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi. Ruwa bai san Bahaushe ba, bai san Bayarabe ba, wanda ke gangare kawai ya sani.

Wani zai ce ai abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne. Amma dukkanmu muna kulle shago da kwaɗo kafin mu tafi gida, ba wanda ya ce wannan rashin tawakkali ne. Yashe kwata da ɗaga buhu su ma haka suke.

Tambayoyin bita, a yi su a gida bayan cin abincin dare:

1. Ruwan layinmu ta ina yake zuwa, wane kogi yake faɗawa?
2. In ruwa ya shigo da ƙarfe biyun dare, ina za mu nufa, ta wace hanya?
3. Wa zai ɗauki wa? Wa zai kashe wuta?
4. Ina jakar takardu take?
5. Wane maƙwabci ne ba zai iya fita da kansa ba?

Gidan da ya kasa amsa ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, aikinsa na wannan mako kenan. Wanda yake da katanga mai tsagewa ko kwalbatin da ya toshe a layinsu ya sanar da mu bayan sallah, a haɗa kai a kai maganar inda ta dace.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu da maƙwabtanmu da dukiyoyinmu. Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci